Me za mu kira ɗan injin da ke kaɗa waifa?

Mai Shirin Direbobi: Salamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis zan naɗi shirin direbobi a gidan rediyonmu nan Gombe, kan gyaran waifa kafin damina ta kankama, musamman a tsofaffin akori-kura masu jigilar hatsi daga Kumo da Dukku. Inda na maƙale shi ne sunan ɗan injin nan mai kaɗa hannayen. In na ce "motar waifa", mai sauraro zai ɗauka wata mota ce daban. Sai kuma na tsofaffin Ford da Chevrolet na Amurka, waɗanda iska ke tuƙa su, ba lantarki ba. A taimaka kafin daren Laraba.

Rewaya na Tashan Dukku: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu a gareji "injin waifa" muke cewa. Amma don Allah ki ja musu kunne kada su yi saurin sayen sabo. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, fis ne ya ƙone, ko wayar da aka ɗaure a jikin bodi ta yi tsatsa, ko sandunan da ke haɗa injin da hannayen sun cije don ƙurar hunturu ta cakuɗe da tsohon giris. A kwance sandar a kunna. In ya juya shi kaɗai, laifin ba nasa ba ne.

Ɗalibar Hausa: Masharin gilashi fa, maimakon waifa? Injin kuma ya zama majuyin mashari.

Malamin Nahawu: Mashari ya yi, 'yata, Allah ya yi albarka. Majuyi kuwa bai cika ba, don hannayen ba zagaye suke yi ba, kai-komo ne. Makaɗi ya kamata, daga kaɗa, a tsarin mabuɗi da magogi da masassabi. Makaɗin mashari. Yana ci mini rai a ce gidan rediyon Hausa ne zai koya wa yara "waifa".

Rewaya na Tashan Dukku: Ranka ya daɗe, shi injin zagaye yake yi, sandunan ne ke mayar da zagayen kai-komo. Kuma in na aiki yaro shagon kayan mota ya ce a ba shi makaɗi, mai kalangu za a nuna masa.

Malamin Nahawu: Karin sautin ya bambanta. Na mai kiɗa yana sauka a gaɓar tsakiya, na kayan aiki duk a sama yake. A rediyo kunne zai raba su.

Ɗan Kurmi: Ko a saman ma, Malam, ai ɗan sandan da ake buga ganga da shi ka kira. Ni dai a ganina a bar wa Kano aikin ƙirƙirar kalma, tunda Hausarmu ce ake rubutawa.

Baba Direba: Ɗan Kurmi, sassauta. Daidaitacciyar Hausa ba gadon gidan kowa ba ce. Wanda ya yi shekaru yana hawan Tula cikin ruwan Agusta ya fi kowa sanin abin da ake magana a kai, ko da Fulatanci ko Tangale ya tashi da shi. Hajiya, kan na iskar: kamfanin Trico ne ya yi fice da su. Zuƙar da injin mota ke yi ta bayan kafireto ita ke jan wani ɗan faifai a cikin injin waifar. In ka taka totur a kan hawa, zuƙar ta ragu, sai waifa ta yi sanyi ko ta tsaya cak, daidai lokacin da kake son ganin hanya. Shi ya sa masu irin motocin ke cirewa su sa na lantarki. Ki ce "mai zuƙar iska".

Rewaya na Tashan Dukku: Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: motocin Amurka kafin tsakiyar shekarun 1950 batirinsu volt 6 ne, daga baya aka koma 12, dole inji ya dace da batir. Peugeot 404 da 504 namu 12 ne, kuma lantarki ne tun asali. Mai son sa inji mai gudu biyu sai ya canza makunni, ya auna tsawon ɗan hannun da ke kan injin, in ya fi na da tsawo roba za ta riƙa dukan gefen gilashi. A kuma haɗa wayar da ke mayar da hannayen makwancinsu bayan an kashe, masu gaggawa sukan bar ta a sake.

Malamin Nahawu: Duk kun bar zancen suna kun koma gareji. Tambayar Hajiya ta harshe ce.

Ɗalibar Hausa: Malam, a gafarce ni, gilashi da mota da inji duk aro ne, kuma mun riƙe su.

Malamin Nahawu: Sun shigo lokacin da ba mai tsaron ƙofa. Yanzu akwai mu.

Mai Shirin Direbobi: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: a farkon shiri zan ce "masharin gilashi, wato waifa", daga nan "injin waifa", na Amurka kuma "mai zuƙar iska". Malam, makaɗi ba zai shiga wannan makon ba, ka yi haƙuri.

Malamin Nahawu: To. Ban gamsu ba, amma tunda mashari ya shiga, ki faɗe shi sau biyu aƙalla.

Ɗan Kurmi: Wanda ke sharewa ya dakata ya sake fa, wanda Ford ta fara sa wa motocinta a 1969? Har yanzu ba wanda ya ba shi suna.