Hajiya ta ce in tambayo ko namiji ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, a sakaya sunana don Allah. 'Ya'yana huɗu, duk mata, yanzu ga ciki wata biyar. A wurin awo an rubuta min sikanin ranar Talata. Hajiya, uwar mijina, ta ce lallai in tambayo ko mene ne, wai in mace ce ɗanta ya san inda dare ya yi masa. Tun cikin yana wata biyu take aiko min da jiƙo, wai yana juya shi ya koma namiji. Ban taɓa sha ba. Maigidan bai ce uffan ba, shirun nasa ne ma ke hana ni barci. In tambaya ko in toshe kunnena?

Wata ungozoma: Ƙanwata, kin kyauta da ba ki sha ba. Tun ranar da ciki ya shiga magana ta ƙare. Ƙwan mace X kaɗai yake ɗauke da shi, maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y, wato ƙwayoyin halittar da ke tantance jinsi: in X ya zo mace ce, in Y ne namiji. In ma laifi ne, ba naki ba ne. Jiƙo ba ya juya komai, sai dai ya jawo ɓari. Shi sikanin na mako 18 zuwa 22 don duba zuciyar jariri ne, da ƙashin bayansa, da inda mabiyiya ta kwanta. Kuma yana kuskure: sau nawa igiyar cibiya ta shiga tsakanin cinyoyi aka ce namiji ne, aka sayo shuɗayen kaya.

Wata daga Zariya: Mu daina kewaye-kewaye, gado Hajiya take hange. In maigidan ya rasu babu ɗa namiji, 'yan matan kashi biyu cikin uku za su samu, ke tumuni, ita sudusi, ɗan ragowar ya tafi wa 'yan uwansa. To ita me ta rasa?

Wata da ta yi jinya a Indiya: Can tun 1994 doka ta hana likita faɗin jinsin abin da ke ciki, saboda yadda ake zubar da cikin mata. Har allo suke kafawa a ɗakin sikanin. Mu ba mu kai nan ba, amma kishiya da gori ma ai ba ƙaramin abu ba ne.

Wata malama: 'Yata, buɗe Suratus Shura aya ta 49, ki karanta wa maigidan. Da Allah Ya zo maganar kyautar 'ya'ya, mata Ya fara ambata. Zuriyar Manzon Allah (SAW) kuma ta wajen Nana Fatima ta yaɗu.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Jiya na yi masa maganar, ya ce ranar Talata shi zai kai ni, kuma lafiyar jaririn kawai za mu tambaya. Hajiya kuwa har yanzu ba ta amsa gaisuwata.