"An Kawo Mana Baƙo": Muhawara Kan Shugabancin Jami'o'inmu

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Ni shugaban sashe ne a wata jami'ar tarayya, kada kowa ya tambaye ni wacce. Jarrabawa ta ƙarato, kuɗin gudanar da sashe bai shigo ba tun zangon da ya wuce. Jiya karo-karo muka yi tsakaninmu malamai muka sayi tawadar firinta da takardun da za a buga tambayoyi. Firjin ɗakin gwaje-gwajenmu ya koma kabad, wuta sai ta kwana ta yini ba ta leƙo ba, janareta kuma ba dizal. Wata ɗalibarmu ta digiri na biyu ta buɗe shi ta tarar duk samfuran da ta wahala ta tattaro sun ruɓe, ta zauna a kan benci tana kuka, na rasa abin da zan ce mata. Na rubuta takarda sama, shiru. An kawo mana baƙo an ɗora a kujerar shugaban jami'a, bai san ƙofar tsangayarmu ba, kullum yana hanyar Abuja. Ni maganata ɗaya ce: lalacewar jami'o'inmu daga shugabanci take kafin rashin kuɗi. Wanda 'yan siyasa suka ɗora, su zai yi wa aiki. Mai ja ya fito.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam Dakta, Allah ya ba da haƙuri. Amma kalmar nan "baƙo" ta tsaya mini a wuya. Baƙo a ina? A jami'ar tarayya? Da irin wannan furucin aka mayar da jami'o'i gadon gida. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shugabanta na farko Norman Alexander ne, mutumin New Zealand. Farfesa Ishaya Audu ya karɓe shi a 1966 ya riƙe har 1975, likita ne kuma Kirista, a tsakiyar Zariya. Wa ya ce masa baƙo? A zamaninsu aka gina sunan da muke ci har yau.

Malamin Kimiyya: Yallaɓai, ba jiha ko ƙabila nake nufi ba. Mutumin da bai taɓa koyarwa a wurinmu ba nake nufi.

Ɗan Kabuga: A'a Dakta, kada ka ja da baya. Ka faɗi gaskiya, tsaya a kanta. Garin da ya ba da gonakinsa aka gina jami'a, 'ya'yansa su ƙare a gadi da shara, shugaba kuma kullum daga wani wuri? Ɗan ƙasa ya san idan ya ɓata, a masallacin unguwa za a tare shi. Wancan shekara biyar zai yi ya tattara komatsansa, ko gaisuwar mutuwa ba za a sake ganinsa ba.

Ɗan Samaru: Ka ji ko! Abin da ya faru a Ile-Ife ke nan a watan Maris na 2022. Aka naɗa Farfesa Bamire shugaban Jami'ar Obafemi Awolowo, mutanen gari suka shigo harabar makaranta har da masu tsafi, wai sai ɗan Ife. Mutumin nan fa Bayarabe ne, kuma a jami'ar yake koyarwa. Duk ƙasar nan aka yi ta Allah wadai, mu ma a nan mun yi. Yanzu kuma kai kana so mu kwaikwaye su.

Ɗan Kabuga: Ni ban ce a ɗauko tsafi ba, kada ka sa mini magana a baki.

Tsohon Rajistara: 'Ya'yana, ku bari in sa baki, na ga jiya na ga yau. A ƙarshen shekarun 1970 da gangan ake musayar shugabanni tsakanin Kudu da Arewa. Farfesa Umaru Shehu, mutumin Borno, ya shugabanci Jami'ar Nsukka. Farfesa Akinkugbe ya zo Zariya, Farfesa Ezeilo ya zo Kano, Farfesa Adamu Baikie ya tafi Benin. To amma kada Ɗan Samaru ya nuna mana kamar dā aljanna ake. A 1965 aka ƙi sabunta wa Farfesa Eni Njoku wa'adi a Jami'ar Legas aka kawo Farfesa Biobaku, rikicin ƙabilanci ya tashi har aka rufe makarantar. Cutar tsohuwa ce.

Ɗan Samaru: Baba, ranka ya daɗe, ai ka ƙarfafa maganata ne.

Ɗan Kabuga: Tawa ya ƙarfafa. Akinkugbe shekara nawa ya yi a Zariya? Bai daɗe ba ya bar wurin. Da tsarin yana da kyau ai da ya ɗore.

Kwamared: Kuna ta faɗa a kan baƙo da ɗan gida, kun manta wanda ke riƙe da igiyar. Dokar jami'o'i da aka yi wa gyara a 2003 ta ce majalisar gudanarwa ce ke naɗa shugaba. Kwamitin haɗin gwiwa na majalisar da majalisar malamai ya tace masu nema ya fitar da uku, majalisa ta ɗauki ɗaya ta sanar da shugaban ƙasa, wa'adi ɗaya na shekara biyar. A takarda ke nan. To wa ke naɗa shugaban majalisar da wakilanta na waje? Gwamnati. Su wa take turowa? Sau da yawa waɗanda suka faɗi zaɓe da waɗanda ake so a sallama. A watan Yunin 2023 aka rushe majalisun jami'o'in tarayya gaba ɗaya, wa'adinsu bai cika ba, aka bar su kusan shekara babu majalisa. A Nuwamban 2024 aka sauke shugaban Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka aka rushe majalisarsa. A Fabrairun 2025 aka sauke Farfesa Aisha Maikudi a Jami'ar Abuja, makonni kaɗan bayan tabbatar da ita. Ku koma 2020 ma, majalisar Jami'ar Legas ƙarƙashin Wale Babalakin ta tsige Farfesa Ogundipe a watan Agusta, gwamnati ta mayar da shi a Nuwamba. Mutumin da ya san wata sanarwa ɗaya daga fadar shugaban ƙasa za ta raba shi da kujera, ta yaya ba zai tare a Abuja ba? Ko ɗan limamin garin aka naɗa haka zai yi.

Uwar Ɗalibai: Malam Kwamared, sannu da lissafi. Ka jero laifin gwamnati tsaf, ban ga naku ba. Yaran da suka shiga jami'a a 2019 sun zauna gida wata tara a 2020 saboda yajin aikinku, suka sake zama wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Mu iyaye muka riƙa biyan kuɗin hayar ɗakin da ba a kwana a ciki. 'Yan mata da yawa aure suka yi ba su koma ba. Idan ana maganar baƙo, mu ne baƙi a jami'a, ba a tuna mu sai ranar biyan kuɗin rajista.

Kwamared: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, mu ma 'ya'yanmu a nan suke karatu. Amma yarjejeniyar da ƙungiyarmu ta malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 2009 ba mu muka ƙi cikawa ba. Kuma duk ginin da kika gani da tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jami'a ko kwaleji, gwagwarmayar ASUU ce ta haifar da asusun tun 1993. Da mun yi shiru, da a gindin bishiya ake lacca.

Uwar Ɗalibai: Gini na gani. Wanda zai koyar a ciki fa? Malami ɗaya yana nan yana can a jami'a uku, yaro ya yi zango bai ga fuskarsa ba sai ana gobe jarrabawa. Wane shugaba ya taɓa hukunta irinsa?

Kwamared: Ki tambayi albashinsa tukuna.

Uwar Ɗalibai: Na tambaya. Malamin firamare ma ba ya samun abin kirki, amma kullum yana aji.

Ma'aikacin Ofis: Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shugaban jami'a ba ya iya hukunta malami, don gobe cikinsu zai koma, kuma ƙuri'arsu ya nema a majalisar malamai. Mu kuwa ma'aikatan da ba sa koyarwa, kuskure kaɗan takardar tuhuma ta iso. Mu ke riƙe da fayil, mu ke haɗa sakamako, mu ke kwana a asibitin makaranta da wurin ruwa da wuta. Amma in an zo rabon alawus sai a ce malamai kaso mafi tsoka, sauran ƙungiyoyi ku raba ragowa. Mu ne baƙin gaskiya.

Ɗan Kabuga: To kowa ya zama baƙo ke nan, saura wa?

Ɗan Samaru: Saura ku 'yan Kano da kuke ganin jami'a ta gidanku ce. Ku tuna Kwalejin Abdullahi Bayero reshen jami'ar Zariya ce kafin ta tsaya da ƙafarta ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Ɗan Kabuga: Reshen da ya fitar da Farfesa Attahiru Jega, wanda ya ja ASUU a zamanin Babangida, ya dawo ya shugabanci jami'ar daga 2005 zuwa 2010 lafiya lau. Ku kuwa a Zariya rikici ya yi muku yawa har Abacha ya turo muku soja, Janar Mamman Kontagora, ya zauna a kujerar shugaba a 1995. Wannan ai shi ne baƙo mai kaki.

Ɗan Samaru: Jega mutumin Kebbi ne, ba Bakano ba. Da bakinka ka rushe hujjarka.

Ɗan Kabuga: A Bayero ya yi digirinsa na farko, a nan ya koyar. Ɗan gida ne.

Ɗan Samaru: Ɗazu ka ce ɗan garin da ya ba da gona. Yanzu ka koma ɗan makaranta. Zaɓi ɗaya.

Mai Zaure: Jama'a a riƙa tauna magana, akwai manya a wurin nan.

Tsohon Rajistara: Abin da ba ku sani ba, kujerar nan daga nesa take da kyau. Na zauna kusa da ita. Albashi daga Abuja yake zuwa. Tun 2015 kuɗin shiga yana asusun bai ɗaya na gwamnati. Da aka shigo da IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya daga Abuja, shugaban jami'a bai isa ya ɗauki ko mataimakin malami ba sai ya bi ofis-ofis neman izini, sai a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Farfesa ya yi ritaya ko ya tafi Saudiyya ko Ingila, gurbinsa na nan wayam. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane ma'auni, jami'o'i da yawa suka faɗa ciki, kuɗin gudanarwar da gwamnati ke turowa ko wutar ba ya biya. Ya ƙara kuɗin rajista ɗalibai su fito zanga-zanga, ya bari a yanke wuta malamai su zage shi. Ga ɗan majalisa ya aiko da jerin sunayen waɗanda za a ɗauka aiki, ga basarake ya aiko da na masu neman gurbin karatu. Kamar jakin da aka labta wa kaya ne aka ɗaure ƙafafunsa, ana bugu wai ba ya sauri.

Malamin Kimiyya: Baba, na ji, kuma ban musa ba. Amma da masu tantance kwasa-kwasai za su zo mana, cikin 'yan kwanaki kuɗi ya fito. Aka yi fenti, aka aro na'urorin hangen ƙwayoyin cuta daga wata makaranta, mu muka zauna muna liƙa musu lambar sashenmu. Suna tafiya aka kwashe aka mayar. Wannan shawarar ba daga Abuja ta zo ba, a ofishin shugaba aka yanke ta. Kuma sabbin motocin manya ba su taɓa jiran komai ba.

Kwamared: Dakta, irin wannan a taron reshen ƙungiya ake kawo shi, ba a bainar jama'a ba.

Uwar Ɗalibai: Ka ji ko? A rufe, kada iyaye su sani.

Ɗan Kabuga: Da ɗan gida ne da kunya ta hana shi.

Ɗan Samaru: Ɗan gida ai shi ya fi sanin inda ake aro.

Mai Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna don waɗanda ba su bi ba. Dakta ya kawo koke kan halin da sashensa ke ciki, muna yi masa fatan sauƙi. An yi doguwar magana kan baƙo da ɗan gida, kuma tarihin da Ɗan Samaru da Baba suka kawo ya tabbatar cewa jami'a ba ta da ɗan ƙasa, kamar yadda muka gani a Zariya tun farkonta. Mafi yawanmu mun gamsu cewa tushen matsalar katsalandan ɗin gwamnati ne da ƙin cika alƙawari, kamar yadda Kwamared ya warware da hujjoji, kuma shugabannin jami'a su ma abin tausayi ne. Hajiya ta nuna damuwar iyaye, wadda za ta kau da zarar an biya malamai haƙƙinsu. Sauran maganganu na raha ne tsakanin 'yan'uwa. Allah ya gyara mana.

Ɗan Kabuga: Mafi yawa su wa? Yaushe aka ƙirga? Mai Zaure, kowa ya san a harabar Kongo ta jami'ar Zariya ka yi karatu.

Ma'aikacin Ofis: Ko sunanmu bai fito ba. Maganar alawus ɗin ce raha?

Uwar Ɗalibai: Malam Mai Zaure, ban ce damuwata za ta kau in an biya kowa ba, kada a rubuta mini abin da ban faɗa ba. Cewa na yi malami ba ya shiga aji kuma babu mai tsawata masa. A gyara wannan layin kafin a tura wa kowa.