Ƙanena ya ci kyautar kwangila a baje kolin fasaha: me za mu duba kafin ya sa hannu?

Ɗan Kabi, Argungu:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena mai zane ne, bai daɗe da gama karatu ba. Ya tura tsarin wani aiki zuwa gasar masu tasowa ta wani baje kolin fasahar zamani da ake yi a Legas, Allah ya ba shi sa'a aka zaɓe shi. Kyautar kwangila ce: zai haɗa sabon aiki a kafa shi a zauren baje kolin cikin Nuwamba. Abin da ya tsara, goruna sittin ne irin na masunta, a rataye su daga sama, homa, wato ragar kamun kifi, ta kewaye su, yadda ake ganinsu a kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu. Sun turo yarjejeniya, sun ce ya sa hannu cikin mako biyu, ga shi muna Yuli. Masana, me za mu duba a takardar? Kuma yaya ake kai irin wannan kaya Legas bai lalace ba?

Malama Mai Tsara Nuni, Birnin Kebbi:

Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa mafarin ɗaukaka ne.

Malam, ku fara tantance irin kyautar, don ba ɗaya suke ba. Wadda ake bayarwa a ART X Lagos, baje kolin da Tokini Peterside ta kafa a 2016, tallafi ce ga mai fasahar kansa: Etinosa Yvonne ta ci a 2019, Chigozie Obi ta ci a 2021 har ta je zaman aiki a cibiyar fasaha ta Gasworks da ke Landan. Ta baje kolin Frieze a Landan kuwa, wadda Abbas Zahedi ya ci a 2022, kwangila ce tsantsa: an zaɓe ka, ga kuɗin aiki, ranar buɗewa a ga abu a tsaye. Ta ƙanenka irin ta biyun ce, saboda haka kada gida ya ɗauka kuɗin nasa ne na kashewa. Mafi yawansu kayan aiki da mota za su cinye.

A takardar, lallai ladan mai fasaha ya zauna a layinsa daban, kuɗin haɗa aiki a nasa layin. Idan dunƙule su aka yi, duk naira ɗaya da kafinta ko direba ya ƙara, daga ladan yaron za ta fita. Ya nemi a biya kashi uku: rabi ranar sa hannu, kashi 30 cikin ɗari idan ya nuna hotunan aiki ya kai rabi, ragowar 20 bayan an kafa. Kada ya yarda da "ka kashe naka mu mayar maka", mai tasowa ba shi da wannan ƙarfin. Ya kuma tambaya ko za a cire haraji daga kuɗin kafin su shigo, don ya yi lissafi da abin da zai isa hannunsa.

Sai batun mallaka, wanda shi ne ya fi damuna, domin nan ake yi wa yaranmu sakiyar da ba ruwa. Mallakar gorunan daban, haƙƙin mallakar fasahar daban. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin yana hannun wanda ya ƙirƙiri aikin sai in an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma miƙa shi ga wani sai a rubuce. Ma'ana, layi ɗaya a wannan takarda ya isa ya raba shi da haƙƙin da zai bi shi tsawon rai har shekara 70 bayan mutuwarsa. Abin da ya dace ya ba su shi ne izinin amfani da hotunan aikin wajen tallar baje kolin, na wani lokaci ƙayyadadde, da sunansa a jiki. Ya kuma duba: bayan an tashi, aikin na wa ne? Idan an sayar, nawa ne rabonsa? Gidajen sayar da zane sukan ɗauki rabi, to idan masu baje kolin ma za su cire kuɗin haɗawa kafin a raba, a rubuta.

Inshora ta fara daga ƙofar ɗakin aikinsa har kaya su dawo, ba daga ƙofar zaure ba. Kuɗin lauya na karanta wannan takarda bai kai abin da za a yi asara ba, ku kai wa lauya.

Mai Sassaƙa, Zuru:

Malama ta gama da takarda, ni bari in taɓa gorunan, don abin da zai ba shi wahala ke nan.

A Yuli babu sabon gora, na bana sai bayan kaka zai bushe. Na bara zai saya, kuma na bara da ya kwana a rumbu sau da yawa akwai ƙwaro a ciki. Alamarsa ƙananan huji kamar na allura, da gari mai laushi da ke zubowa idan an ƙwanƙwasa. Ya sayi saba'in da biyar ko tamanin, ba sittin ba, don wasu za su tsage wajen hudawa, wasu a hanya. Kowanne ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa: mai lafiya yana amsawa tas, mai tsaga muryarsa a dushe take.

A kankare cikin sarai, kada a bar ɓargo ko iri, su ne abincin ƙwaron. Sai a narka boras, wani farin garin sinadari mai kashe ƙwari, rabin kilo a ruwan ɗumi lita goma, a ɗura a ciki a jujjuya, a shafe bayan ma, a kife su a inuwa inda iska ke ratsawa na mako biyu. Kada a shanya a rana tsaka, domin bayan goran yana riga cikinsa bushewa, sai ya tsage. Gidajen adana kayan tarihi firiza suke amfani da ita, a ɗaure abu a leda a bar shi mako guda a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, amma gora tamanin ba firizar da za ta ɗauka a nan, kuma sai wuta ta tsaya ba yankewa.

Wajen rataya, kada ya ɗaura waya a wuyan gora kai tsaye. Ya huda da injin huda, baki milimita 3, a hankali, bayan ya manna tef a wurin don kada ya ɓantare. Daga ciki ya sa ɗan faifan katako ko roba mai faɗin kamar santimita 4, wayar ta ratsa shi, nauyin ya bazu. Wayar ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 ta isa. Zaren kamun kifi na roba ya fi kyan gani, amma yana miƙewa, kwana biyu sai ka ga gorunan sun sauko ba daidai ba.

Ya auna goruna goma a sikeli, ya fitar da matsakaici, ya ninka da sittin, ya ƙara nauyin homa da waya, ya tura wa masu baje kolin tun yanzu. Bangon rumfunan baje koli allo ne mara ciki, ba ya ɗaukar nauyi mai yawa, kuma ba kowane zaure ke yarda a rataya abu a rufinsa ba. Idan suka ce a'a, dole a ƙera firam na ƙarfe mai tsayawa da ƙafarsa, kuma wannan kaɗai zai iya canza kasafin gaba ɗaya. Ya tambayi tsayin rufin da faɗin ƙofar shigar da kaya, a rubuce.

Ɗan Kabi, Argungu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yana da niyyar shafa musu banish don su yi sheƙi. Akwai matsala?

Mai Sassaƙa, Zuru:

Akwai, idan bai bari sun bushe ba. Banish a kan gora mai sauran laima yana rufe ta a ciki, sai ka ga fari-fari ya fito ƙarƙashinsa. A ganina ma sheƙin zai kashe aikin: fitilun zaure masu ƙarfi ne, gora mai sheƙi zai koma kamar na roba. Goran masunci kyansa wannan duhun da ruwa da hannu suka ba shi. In dole ne, ya sa mara sheƙi, shafa biyu marasa kauri, kwana ɗaya tsakani, a bayan goran kawai.

Alhaji Mai Lodi, Jega:

Ɗana, ga abin da ya shafi hanya. Daga nan zuwa Legas ta Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan ne, kuma bayan damina hanyar takan sha wuya. Kada ku lissafa kwana biyu, ku ba mota mako guda, kaya su isa aƙalla kwana biyar kafin ranar kafawa.

Kada a zuba goruna a buhu a ɗora bisa lodin albasa ko shinkafa. Igiyar da ake ɗaure lodi da ita kaɗai ta isa ta farfasa su. A yi akwatunan filawud mai kaurin milimita 12, a shimfiɗa soso mai kaurin santimita 5 ta kowane gefe, a raba ciki gida-gida da kwali yadda gora ba zai taɓa ɗan'uwansa ba. Murfi da sukuru za a ɗaure shi, ba ƙusa ba: bugun guduma yana tsaga abin da ke ciki, kuma da akwatin nan za a dawo da kaya. Girman kowane akwati kada ya wuce abin da mutum biyu za su ɗaga.

Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne laima. Lokacin da za ku yi lodi iska ta fara bushewa a Kebbi, Legas kuwa jiƙe take. Idan aka naɗe gora da homa a leda aka ɗaure, zafin mota zai sa su yi gumi, a buɗe a tarar da fumfuna. A naɗe da takarda mara rubutu, don tawadar jarida tana kama jiki, a jefa ƙunshin maganin laima a kowane akwati. Idan an isa, a sassauta murfi a bar su kwana ɗaya a zaure kafin a fito da su.

Ku riƙe takarda daga masu baje kolin mai bayyana cewa sabon aikin fasaha ne, da sunan mai shi da jerin abin da ke cikin kowane akwati, saboda shingayen hanya. A ɗauki hoton kowane gora kafin a rufe, in ba haka ba inshora ba za ta saurare ku ba.

Malama Mai Tsara Nuni, Birnin Kebbi:

Alhaji ya tuna mini abu biyu. Kafawa a baje koli kwana ɗaya ce ko biyu, ba a samun lokacin tunani a can. Ya nemi fili a gida mai girman wurin da aka ba shi, ya kafa aikin gaba ɗaya tun a Satumba, ya sa wa kowane gora lamba a ciki, kowace waya a yanke ta daidai tsayinta a liƙa mata lambar goranta, ya zana taswirar rufi. Ya ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin don abin da ba a zata ba, ya sa kuɗin mota da masaukin mataimaki ɗaya, ya tambaya ko zauren na buƙatar a fesa wa homar maganin hana kama wuta.

Na biyu, bikin kamun kifi na Argungu yana cikin jerin al'adun da UNESCO ta amince da su tun 2016, masu kallo za su yi tambaya a kai. Ya shirya bayani gajere da Hausa da Turanci. Idan masunta ne suka saƙa masa homa, a biya su da rasit, a kuma rubuta sunayensu a allon bayanin aikin in sun yarda. Wannan ma ya shiga yarjejeniyar kafin ya sa hannu, don allon ana buga shi makonni kafin buɗewa.