An kawo min ɗaliba mai larurar gani, ta ina zan fara?

Malamar Aji Huɗu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan zangon an shigo min da yarinya mai larurar gani, kuma ban taɓa koyar da irinta ba. Don Allah wanda ya san kayan aiki ko inda ake neman taimako ya agaza min.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Malama. Kafin a sayi komai, likitan ido ya auna ragowar ganinta. Da yawansu suna ɗan gani, wata manyan haruffa da gilashin ƙara girma da zama a gaban allo sun ishe ta.

Yaya Babba: In akwai kwamfuta, ki sa mata NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. Kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka ƙirƙiro ta. A waya kuma TalkBack na cikin Android, VoiceOver na cikin iPhone, kunnawa kawai za a yi.

Malam Mai Birel: Yaya, duk na yarda, amma ni makaho ne kuma malami, ina roƙon kada a bar yarinyar nan da kunne kaɗai. Yaron da sauraro kawai ya sani zai girma bai san yadda ake harhaɗa kalma ba, balle inda ake sa aya. Birel, rubutun makafi da Louis Braille ya tsara wanda ake karantawa da yatsu, ɗigo 6 ne kacal, suna ba da alamomi 63. A samo mata allon birel da tsinkensa. Ki lura Malama, daga dama ake hudawa, sai a juya takardar a karanta daga hagu, nan yara suka fi rikicewa, sai an yi haƙuri da su. In hali ya samu, injin Perkins na buga birel ya fi sauƙi a hannu. Kuma in kina rubutu a allo, ki riƙa faɗin abin da kike rubutawa, ban da "ku kalli nan".

Malamar Aji Huɗu: Allah ya saka da alheri Malam. To littattafai fa?

Anti Mai Laburare: Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta ba da damar mayar da littafi birel ko murya, har a tura wata ƙasa, a ƙasashen da suka amince da ita. Ki duba Bookshare, laburaren intanet na irin waɗannan littattafai, sai dai suna neman shaidar larura kafin rajista. Wani abu kuma, takardar da aka ɗauka hoto manhaja ba ta karanta ta kai tsaye, ki riƙa ba ta wadda aka buga da kwamfuta.

Baban Ummi: Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Ki tuntuɓi ƙungiyar makafi mafi kusa da ke, su haɗa ki da ƙwararren malami da mai koyar da tafiya da farar sanda. Ƙungiyoyin agaji na Sightsavers da CBM ma suna aiki da makarantu a ƙasashe da dama.

Malamar Aji Huɗu: Zan zauna da iyayenta kan maganar likita. Malam, zan iya tura maka darasin lissafi ka nuna min yadda ake sa shi a birel?

Malam Mai Birel: Turo Malama, amma a rubuce, ba hoto ba.