Sifirin ɗin ƙofar gareji ya tsinke, fallen ƙasa ya yi tsatsa: a gyara ko a sa sabuwa?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. Ƙofar garejin gida ce ta ƙarfe, irin mai falle huɗu da ke hawa sama a kan layi, faɗinta ƙafa 16, tsayinta ƙafa 7, tana da inji mai rimot. Shekararta 11, ana buɗe ta sau biyu zuwa uku a rana. Jiya aka ji ƙara kamar an harba bindiga, tun daga nan injin sai ya ɗaga ta kaɗan ya tsaya yana gurnani. Da na duba sandar da ke saman ƙofar, cikin sifirin biyu (naɗaɗɗen ƙarfen nan) da ke jikinta, na hagu ya rabu biyu. Bayan haka fallen ƙasa ya yi tsatsa a gefe ɗaya, na sama kuma ya ɗan lotsa a tsakiya. Wani ya ce in cire ta gaba ɗaya, wani ya ce gyara kaɗan ne. Wanne ya fi?

Mai Aikin Ƙofa:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, zare filogin injin, kada kowa ya sake danna rimot. Ba injin ne ke ɗaukar nauyin ƙofar ba, sifirin ne. Aikin inji ja da turawa kawai. Ƙofa mai girman taka takan haura kilo 70, in mai rufi biyu ce ta kai 100 ko fiye. Duk dannawar da aka yi yanzu, injin na finciko wannan nauyin ta wuri guda, wato tsakiyar fallen sama inda hannunsa yake ɗaure. Ina kyautata zaton abin da ya lotsa fallen ke nan. In aka ci gaba, giyar roba da ke cikin injin ma za ta cinye.

Tsinkewar sifirin ba mutuwar ƙofa ba ce. Sifirin na yau da kullum an yi shi ne don buɗewa da rufewa kamar sau 10,000. Ka lissafa: sau biyu da rabi a rana, shekara 11, ka ga ya cika aikinsa cif. Kamar taya ne a jikin mota, ba a sayar da mota don taya ta suɗe.

Abin da ke yanke hukunci shi ne jikin fallayen. Sifirin, wayoyin ƙarfe masu ɗaga ƙofar, ƙananan tayoyin gefe, hinji, boris, robar ƙasa, duk kayan canji ne, kuma ba sai na kamfanin da ya ƙera ƙofar ba. Falle kuwa sai na kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta. Don haka ka yi wannan binciken:

Ka danna bakin sukudireba a wurin tsatsar. In fenti ne kawai ya kumbura, ƙarfen na nan da ƙarfinsa, a kankare, a shafa maganin tsatsa, a yi fenti, shi ke nan. In ya huda ko yana marmashewa, ka duba ko ya kai kusurwar ƙasa inda wayar ƙarfe take maƙale. Wannan kusurwar ita ke ɗauke da rabin nauyin ƙofar. In ta ruɓe, fallen ya tashi aiki, babu batun faci.

Fallen sama kuma, lotsawa daban, tsagewa daban. In lotsawa ce kawai, a miƙar da shi a ɗaura masa ƙarfen ƙarfafawa daga wannan gefe zuwa wancan. In ya tsage kusa da hinji ko inda hannun inji yake, tsagewar za ta yi ta tafiya.

Sai ka nemi takardar da ke manne a gefen falle ta ciki, mai sunan kamfani da lambar samfuri, ka tambaya ko har yanzu suna yin irinsa. Falle ɗaya ya lalace kuma ana samunsa: gyara. Biyu: ka kwatanta kuɗin. Uku, ko an daina ƙera samfurin: sabuwa. Ni ma'aunina, in kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin sabuwa a ƙofar da ta haura shekara 15, ba na ba da shawarar gyara. Taka ba ta kai nan ba.

Injiniya A.:

Na yarda da bayanin Malam na sama. Zan ƙara a kan sifirin, don nan ne ake cutar mutane, nan ne kuma ake jin rauni.

A canza duka biyun, ba wanda ya tsinke kaɗai ba. Tare aka ɗaura su, tare suka yi aiki, na daman ma kwanansa ya kusa. In aka haɗa sabo da tsoho ƙarfinsu ba zai zo ɗaya ba, kuma nan da 'yan watanni za ka sake biyan kuɗin aiki.

Ba a sayen sifirin da ido. Abu huɗu ake aunawa: kaurin wayarsa (a auna zagaye 20 a jere a raba tsawon gida 20), faɗin cikinsa (yawanci inci 1¾ ko inci 2), tsawonsa, da kuma ko naɗin dama ne ko na hagu. In mai gyara ya ce wanda ke motarsa “zai yi” ba tare da ya auna ba, ka dakatar da shi. Wanda ya fi ƙarfi zai sa ƙofar ta riƙa zabura sama, ta ƙi zama a ƙasa, har waya ta zame daga gangar da take naɗuwa a kai. Wanda bai kai ba kuma injin ne zai sha wahala. Ana samun sifirin mai jure buɗewa da rufewa sau 20,000 ko 25,000. Ya fi tsawo da kauri, don haka a tabbatar akwai wuri a kan sandar.

Kada ka taɓa naɗin sifirin da kanka, Baban Ummi. Ƙofa mai ƙafa 7 ana murɗa sifirin ɗinta kusan zagaye bakwai da rabi, wato kwata 30, da sanduna biyu na musamman masu kaurin rabin inci da ke shiga ramin da ke bakin sifirin daram. Masu sa sukudireba ko guntun rodi a ramin su ne ke rasa yatsu da haƙora, don in ya zame duk ƙarfin nan a hannu ko fuska yake sauka. Na daman da bai tsinke ba har yanzu a ɗane yake, kuma shi ke jan wayoyin. Saboda haka notunan kusurwar ƙasa ma ba na taɓawa ba ne.

Bayan an gama, ka gwada aikin a gaban mai gyaran. Ƙofa na rufe, ka ja jar igiyar nan da ke raba ta da inji, ka ɗaga da hannu zuwa ƙugu, ka saki. In ta tsaya ko ta ɗan motsa kaɗan, daidai ne. In ta faɗo ko ta tashi sama, a sake saiti kafin ka sallame shi.

Mai Walda:

Ni ta wani gefen zan kalli abin, Alhaji. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma ku lura falle biyu ne ake magana a kai cikin huɗu, na sama da na ƙasa, kuma su ne masu ɗaukar wahala. In na ƙasan ya huje, ka tara lissafin: falle, sifirin biyu, wayoyi biyu (tunda ƙarshensu na zaune inda danshin yake, da wuya ba su fara tsittsinkewa ba), tayoyi goma, roba, ƙarfen ƙarfafawa, ga kuɗin aiki. Sau da yawa abin da ya rage tsakaninsa da sabuwa bai taka kara ya karya ba. Sabon falle kuma ba zai zo launi ɗaya da waɗanda rana ta ci shekara 11 ba, sai ka fente ta duka.

Kada kuma a yaudare ka da walda. Ƙarfen fallen siriri ne ƙwarai, wuta na taɓa shi yake hujewa ko ya murɗe, kuma zafin yana ƙone rufin da ke hana tsatsa. Facin da aka yi da ƙarfe mai kauri yana ƙara nauyi a gefe ɗaya, ƙofar ta riƙa hawa a karkace.

Tambayar da ba a yi ba: me ya sa tsatsar take gefe ɗaya? Ko daɓen ya gangaro ruwa na kwanciya a wurin, ko robar ƙasa ta yage tana riƙe ruwa. In ba a magance wannan ba, sabuwar ma haka za ta yi.

Mai Aikin Ƙofa:

Maganar ruwan nan ta Mai Walda a riƙe ta. Lissafinsa ma daidai ne in fallen ya huje; in bai huje ba, mafi tsadar abin cikin jerin ya fita.

In dai sabuwar aka yanke, a sa ta da layinta da sifirin ɗinta, kada a ce za a yi tsimi a bar tsohon layi, don kowace ƙofa da lanƙwasar layinta da nauyinta. A auna kafin a yi oda: kamar santimita 30 tsakanin saman ƙofa da silin, kamar santimita 10 a kowane gefe, sannan zurfin garejin ya kai tsayin ƙofar da ƙarin santimita 45, fiye da haka in da inji.

Injin kuwa ba dole ya tafi tare da ƙofar ba. Buɗe murfinsa: in ka ga garin farar roba a ciki, giyar ce ta ci, ana sayar da ita daban. Ka tabbatar yana da idanun lantarki biyu a gindin layi, masu hana ƙofar rufuwa in wani abu ya gitta, kada tsayinsu daga ƙasa ya wuce santimita 15. Sannan ka kwantar da katako mai kaurin santimita 4 a ƙasa ka rufe ƙofar a kansa. Ya kamata tana taɓa shi ta koma sama. In ta danne shi ta tsaya kuma saiti bai gyara ba, injin ne abin canzawa, musamman gidan da ke da yara.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada sukudireban: bai huda ba, kuma tsatsar ba ta kai kusurwa ba, saura kamar taƙi ɗaya. Fallen sama babu tsagewa. Robar ƙasa ce ta yage a daidai wurin. Wane mai zan riƙa sa mata bayan gyaran?

Injiniya A.:

To gyara ne, Malam. Sifirin biyu, ƙarfen ƙarfafawa, roba, a duba wayoyin tun da an riga an sauke naɗin. Mai kuwa, feshin silikon ko farin giris na litiyam, sau biyu a shekara, a kan hinji, boris ɗin tayoyi, boris ɗin sanda da jikin sifirin. Cikin layin ba a sa masa komai, tsumma kawai za ka goge shi da shi, don giris a nan ƙura yake tarawa har tayoyin su daina juyawa su koma ja.