Neman shawara: zagayen bakin Korama da kaka

Mushe Habu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so in fita da 'yan lakwal 15 daga Damagaram zuwa bakin Korama, wajen Matamaye, su ga itatuwa da tsuntsaye tunda kaka ta kama. Yaushe ya fi, kuma me za mu kiyaye?

Malam Isufu: Wa alaikumus salam Mushe. Ka dakata Nuwamba ta shigo. A Oktoba rana na da zafi ƙwarai, ga sauro, laka ma ba ta tsotse ba. Ku fara takawa ƙarfe 7, kafin 10 da rabi kun koma inuwa. Kilomita 3 sun ishi yaro, rairayi na cin ƙafa. Ruwan sha lita 2 kowane mutum. Shamuwa kam ba za ku tarar ba, tana yin kudu da ɗaukewar ruwa, amma balbela da zalɓe da kirinjijiya suna nan. Ka tsayar da su gindin gawo: shi ne ke tohowa lokacin da sauran ke shirin kaɗe ganye.

Hajiya Rabi: Mushe, ni ruwan ne damuwata. Duk inda ya kwanta da bado da kacalla, akwai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Ba sai an sha ba, ta fata ƙwayar ke shiga, ko wankin ƙafa ya isa. Fitsarin jinin kuma sai bayan wata 2 ko 3 yake bayyana, an riga an manta da fitar. Alwala ma da ruwan bido.

Sai kububuwa, mai son gindin damin gero da busasshiyar ciyawa. Kowa takalmi rufaffe da dogon wando, babba a gaba da sanda. In an yi sara, Allah Ya kiyaye, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa likita nan take, ko da ya ce ba ya jin komai, don dafinta jini yake hanawa daskarewa. Saboda haka motar ta tsaya kusa.

Baba Manzo: Ɗana, ka fara gaida mai gari tun jajibiri, ya ba ka yaro ɗan ƙasa. Gaɓar duk garaken rake ne da rogo, kuma yaro in ya ga rake ka san sauran. Ƙarangiya in ta kama wando, a jiƙa yatsu kafin a cire.