Barci ya ƙaurace mini: dutsen addu'a ko asibiti?

Maman Rahila:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina zaune a Angwan Rukuba, ina sayar da kayan miya a gefen kasuwar Terminus a Jos. Ina wurin ranar da bam ya tashi a watan Mayun 2014, Ubangiji ya tsare ni, na ɗauka abin ya wuce. Amma tun harin Kirsimetin 2023 a ƙauyukan Bokkos, inda iyayena suke, sai ya dawo mini ɗanye. In yaro ya fasa nokawut, sai gabana ya yanke ya faɗi, hannuna ya kama rawa. Ƙarfe 2 na dare idona biyu, ina kasa kunne ga kowane motsi a bakin ƙofa. Nakan karanta Zabura 91 in ɗan ji sanyi, washegari ya dawo. Na tara ₦40,000. Maigidana ya ce likita, surukata ta ce dutsen addu'a kwana 3, wai ƙarancin bangaskiya ce. Ina shayarwa, jaririyata wata 5, ba zan iya azumi ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ina ya samo salama?

Baba Dattijo:
'Yata, ki ɗauki azumin kwana 3, ba ci ba sha, ki riƙe Filibiyawa 4:6-7. Tsoro ruhu ne, da gwiwa ake korarsa.

Nas Asabe:
Baba, da girmanka, ta ce goyo ne da ita. Ƙanwata, abin da kika lissafa muna ganinsa kullum ga waɗanda suka tsira daga tashin hankali, kuma yana da magani. JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki faɗa wa likitan kina shayarwa, ba kowane magani ne zai ba ki ba, wani lokaci ma zama ne da tattaunawa.

Talatu:
Ku bar ni in yi magana, don ni ce na sha wannan ruwan. An kashe mijina a rikicin Janairun 2010. Shekara guda ko ƙarar faɗuwar murfin tukunya ba na so. Aka kai ni wani gidan addu'a, mutumin ya dube ni ya ce ƙanwar mijina ce ta turo mini tsoro. Ya sayar mini da 'yar kwalbar mai, ya ce in shafa a ƙofa da goshin yara. Ta ƙare, na sake saya. Har keken ɗinkina na sayar. Baiwar Allahn nan da ta wanke mini kaya lokacin makoki, shekara 4 ban gaishe ta ba. Ta rasu ban nemi gafararta ba, shi ne abin da ke cina har yau.
Sauƙi daga wata tsohuwa a zumuntar mata ya zo. Kowace Alhamis za ta shigo da agushi a ƙullin zane, mu zauna a tabarma muna ɓara. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Ta rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, in yi kukana, ta riƙe hannuna ta yi gajeriyar addu'a ta tafi. A kan tabarmar nan na fara yarda Yesu bai yashe ni ba.

Maman Godiya:
Wayyo Yaya Talatu, kin sa ni hawaye. Allah ya ta'azantar da ke. Nawa ya riƙa karɓa a kwalbar? Tawa ₦5,000 aka ce.

Malam Bulus:
₦5,000? Ai an yi miki sauƙi, matata ₦15,000 ta biya. Amma kada a yi wa duwatsun addu'a kuɗin goro. Inda nake zuwa ko sisi ba a karɓa, bargonka kawai za ka ɗauka saboda sanyi.

Maman Godiya:
Malam, ni an karɓi ₦10,000 na wurin kwana. Likita kuma wajen Rayfield ₦25,000 zama ɗaya, kuɗin Maman Rahila ko zuwa biyu ba zai yi ba.

Nas Asabe:
Wannan na kuɗi ne. Na gwamnati kati da ganin likita bai kai rabin haka ba.

Ɗan Keke:
Maman Rahila, kawo dubu 40 ɗin in ajiye miki, damuwar ta dawo kaina. Ke kuma ki sha gwate da zafinsa ki kwanta 😂

Baba Dattijo:
Yaro, ba wurin wasa ba ne. Ke kuma Asabe, shekarata 30 ina hidima a ikilisiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ƙwaya ba ta ba da salamar da Almasihu ya yi alkawari a Yohanna 14:27.

Nas Asabe:
Ban ce tana bayarwa ba, Baba. Ni ma sai na durƙusa nake fita aiki. Amma Luka likita ne, Manzo Bulus da kansa ya faɗa a Kolosiyawa 4:14. Da Iliya ya gudu jeji don tsoron Yezebel, a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa mala'ika ya kawo masa, ya ci ya sake kwanciya.

Talatu:
Baba, lokacin da nake sayar da kekena ina dattawa suke? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malam Bulus:
Tunda ana maganar barci, wa zai yi wa masu addu'ar dare magana? A layinmu a Tudun Wada lasifika 2 suka kafa a kan rufi, daga 11 har asuba, kowace Juma'a. Mahaifiyata mai hawan jini a zaune take kwana.

Maman Godiya:
Namu har da ganga da janareta. Na je na roƙi faston ya rage murya, ya ce in bincika kaina, mai tsabtar zuciya addu'a ba ta damunsa.

Ɗan Keke:
Ku haɗu ku kai wa mai unguwa. Mu a Kabong haka muka yi, suka sauke lasifika ɗaya, bayan sati 2 suka mayar.